Kwangilar kayan asibiti: me ya sa kotu ba ta isowa sai an gama biyan kuɗi?

Ranar 30 ga watan Yulin 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallami Dakta Cassiel Ato Forson da ɗan kasuwa Richard Jakpa daga tuhumar jawo wa Gana asarar yuro miliyan 2.37 a cinikin motocin ɗaukar marasa lafiya. Alƙalai biyu suka ce hujjar da gwamnati ta kawo ba ta kai a ce mutanen su tashi su kare kansu ba, na ukun ya saɓa musu. 'Yan NDC suka yi ta murna, 'yan NPP suka ce da sauran rina a kaba, za a haɗu a Kotun Ƙoli. Ba a haɗu ba. Mulki ya canja hannu a farkon 2025, sabon Antoni Janar Dominic Ayine ya janye ƙarar, Ato Forson kuma ya zama ministan kuɗi.

Ni ba ruwana da wanda ya yi dariya ko wanda ya ciji yatsa, kuma wanda kotu ta wanke ya wanku. Abin da ya tsaya mini a rai lissafin shekarun ne. A 2012 aka ƙulla kwangilar sayo motoci 200 daga kamfanin Big Sea na Dubai. Guda 30 suka iso, ma'aikatar lafiya ta ce ba su da kayan da za a kira su motocin asibiti, masu kawowa suka ce kayan na tashar jiragen ruwa, ma'aikatar ce ba ta fitar da su ba. Motocin suka yi shekaru a ajiye ana wannan ja-in-ja. Sai 2022 aka fara shari'a, aka rufe ta a 2024. Shekara 12 ke nan daga sa hannu zuwa hukunci. Yaron da aka haifa ranar da aka sa hannun ya kusa gama firamare kafin alƙali ya ce uffan, ita kuwa mai naƙudar da aka rasa motar da za ta kai ta asibitin gunduma cikin waɗannan shekaru, babu hukuncin da ya yi mata wani amfani.

Tambayar da aka kai gaban kotu a wannan shari'a ita ce: wa za a ɗaure? Tambaya ce mai nauyi, kuma daidai ne doka ta tsaurara a kanta, domin ba a jefa mutum kurkuku da zato. Dole mai ƙara ya nuna laifi, ya nuna wane ne ya yi shi, ya kawar da duk wani shakku. Amma akwai wata tambayar da ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi ta amfani ga mara lafiya: shin an bi ƙa'ida wajen ba da wannan kwangila? Wannan ba ta buƙatar a kira kowa ɓarawo. Alƙali zai karɓi takardun hukuma ya duba: an tallata? Ma'aunin da aka faɗa wa masu nema tun farko, shi aka yi amfani da shi, ko an sauya shi bayan an buɗe takardu? An ba kowa dama daidai? Wanda ya zauna a kwamitin tantancewa yana da hannu a ɗaya daga cikin kamfanonin? An nemi izinin da doka ta ce a nema? Idan amsar ta fito a karkace, kotu na da ikon soke matakin, ta ce a sake. Wannan shi ne bitar da kotu ke yi wa aikin hukuma, kuma ba baƙon abu ba ne a dokarmu. Sashe na 23 na tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa hukumomi da jami'ansu wajibcin yin adalci da aiki da hankali da bin doka, ya kuma ba duk wanda aka cuta damar neman haƙƙinsa a kotu. Ƙofar tana nan a buɗe. Masu shiga ne babu, kuma in an shiga ɗin ma, galibi an riga an makara.

Wanda bai taɓa leƙa harkar kayan asibiti ba zai ɗauka cewa cuwa-cuwar kwangila ita ce a sayi abin sidi goma a rubuta sidi ashirin. Akwai wannan, amma ita ce ta marasa wayo, domin mai binciken kuɗi na iya kama ta da ƙaramin lissafi. Ta masu wayo tun a takardar bayanin kaya ake gama ta, kafin a tallata komai. Za a ce ana neman na'urar ɗaukar hoton ciki, sai a rubuta faɗin allonta da nauyinta da wani suna na manhajar da ke cikinta, ta yadda duk duniya kamfani ɗaya ne ke ƙera mai wannan siffa. Ba a ambaci sunan kamfanin ba, ai doka ba ta son haka, amma an zana hotonsa. Sannan a ƙara sharaɗin cewa dole mai nema ya kawo wasiƙar izini daga masu ƙerawa. Su kuwa masu ƙerawa wakili ɗaya gare su a ƙasar. To, ka ga an yi gasa a takarda, kamfanoni biyar sun sayi fom, huɗu sun faɗi tun a matakin farko saboda "ba su cika sharaɗi ba", wanda aka dafa abincin dominsa ya zauna ya ci.

Akwai kuma wadda ta fi wannan zurfi. Na'urar gwajin jini ko ta wankin ƙoda ba kamar tebur ba ce da za ka saya ka ajiye shi ke nan. Kullum sai ta ci: sinadaran gwaji, matatai, bututai, kuma yawanci ba ta karɓar na wani kamfani sai na wanda ya ƙera ta. Saboda haka mai wayo zai ba ka na'urar da araha, wani lokaci ma ya ajiye maka ita kyauta, ya ci kwangilar a matsayin mafi rahusa, sannan ya riƙe wuyan asibitin na shekaru da farashin kayan da take ci. Idan kwamiti ya auna farashin na'urar kaɗai bai auna abin da za ta ci cikin shekara biyar ko bakwai ba, to ya zaɓi mafi tsada yana tsammanin ya yi tsimi. Haka batun gyara: wa zai zo in ta tsaya, cikin kwana nawa, ina kayan gyaran, wa zai koya wa ma'aikata, shin tana jure wutarmu mai zuwa da ɗaukewa? Duk wanda ya yi jinya a asibitin gwamnati, daga Ankara har Tamale, ya san jumlar nan: "injin ya lalace, ku je waje ku yi hoton ku kawo." Waje kuwa kuɗi ne a hannu. Mutanenmu na Nima da Mamobi da Aboabo, waɗanda katin inshorar lafiya ne duk abin da suka dogara da shi, su ne ke biyan kuɗin kwangilar da aka rubuta da son rai, sau biyu ma: sun biya da haraji, sun sake biya a ɗakin gwaji na kasuwa. Mun ga yadda sashen wankin ƙoda na Korle Bu ya rufe ƙofa ga masu zuwa daga gida na tsawon watanni a 2023 saboda bashin kayan aiki. Mai ciwon ƙoda ba ya iya cewa bari in jira wata mai zuwa.

Duk waɗannan dabaru a rubuce suke cikin takardun kwangila. Ba sai an sa ɗan sanda ya bi sawun kuɗi zuwa Dubai ba. Alƙalin da aka ajiye wa takardun a gabansa, da taimakon ƙwararre ɗaya ko biyu, zai iya gani cikin 'yan kwanaki.

To me ya sa ba a kai masa? Dokar sayayyar gwamnati ta 2003, wadda aka fi sani da lamba 663, aka kuma yi wa gyara a 2016, ta tanadi hanyar ƙorafi. Ɗan kwangilar da ke ganin an cuce shi zai fara kai kuka wurin shugaban hukumar da ta ba da aikin, in bai gamsu ba ya wuce Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, wato PPA. A takarda abin ya yi kyau. Amma duba wanda aka ba wa wannan dama: mai kawo kaya, ɗan kwangila, mai ba da shawara, wato wanda ya yi asara ko yake tsoron zai yi. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, kuma a harkar manyan kayan asibiti babban mai saye ɗaya ne a ƙasar nan, gwamnati. Wane mai hankali ne zai kai ma'aikatar lafiya ƙara yau, ya dawo gobe da fom yana neman wata kwangilar a ofishin da ya kunyata? Zai haɗiye, ya jira nasa rabon, wataƙila ma wanda ya ci ya yanka masa wani ɓangare ya yi shiru. Kuma kada mu manta da abin da ya faru a ita kanta PPA: a 2019 ɗan jarida Manasseh Azure Awuni ya fito da binciken da ya sa aka dakatar da shugabanta Adjenim Boateng Adjei, hukumar CHRAJ ta same shi da haɗa aikin ofis da muradin kansa, Shugaba Akufo-Addo ya sallame shi a watan Oktoban 2020. Ban ce duk wanda ke wurin haka yake ba. Amma bayan wannan, kada wani ya ce mini hukuma ta isa ta tsare kanta ba tare da wani na kallonta daga waje ba.

Matsala ta biyu ta fi girma. Hanyar ƙorafin nan an gina ta ne a kan cewa akwai wanda ya faɗi. Idan aka ba da kwangila kai-tsaye ga mutum ɗaya ba tare da gasa ba, wanda doka ta yarda da shi a halin gaggawa in PPA ta amince, to babu wanda ya faɗi, domin babu wanda aka gayyata. Babu mai kuka. Kuma a harkar lafiya kalmar "gaggawa" ba ta da wuyar samu: annoba gaggawa ce, injin da ya mutu gaggawa ne, ko da kuwa shekara uku ke nan ana rubuta wa ma'aikata cewa yana gab da mutuwa.

Cinikin allurar Sputnik V ya nuna wannan ƙarara. A watan Maris na 2021 ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Kwaku Agyeman-Manu ta ƙulla yarjejeniya da ofishin Sheikh Ahmed Dalmook Al Maktoum na Daular Larabawa kan allurai miliyan 3.4, kowace ɗaya dala 19, alhali su Rashawan da ke yin allurar sun sanar wa duniya cewa ba ta wuce dala 10. In ka lissafa, cinikin ya haura dala miliyan 64. Ba kotu ce ta tono maganar ba, ba PPA ba ce, ba ma majalisa ba. Jaridar VG ta ƙasar Norway ce. Bayan ta fasa ƙwan ne majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alexander Afenyo-Markin, kwamitin kuma ya gano cewa ba a nemi amincewar majalisa ba, ba a samu izinin PPA kafin sa hannu ba, sannan an riga an biya dala miliyan 2.85, rabin kuɗin allurai 300,000 na farko, guda 20,000 kacal suka iso. Ministan ya kare kansa da cewa mutane na mutuwa, alluran sun yi wuyar samu, hankalinsa ba a kwance yake ba. Ni na yarda cewa lokacin tashin hankali ne. Kowa ya tuna yadda manyan ƙasashe suka kwashe alluran suka bar mu da jira. Amma ai don irin wannan ranar aka rubuta ƙa'idar. Ranar da hankali ke kwance kowa na iya bin doka. Daga baya Shehin ya dawo da dala miliyan 2.47. Mu gode wa Allah, amma mu san cewa surutu ne da kunya suka dawo da kuɗin, kuma ba kullum ake samun ɗan jaridar Norway da zai yi mana aikinmu ba.

Abin takaicin shi ne a wannan batu dokarmu ba ta da rauni ko kaɗan. Sakin layi na 5 na sashe na 181 ya ce cinikin ƙasa da ƙasa da gwamnati ke ciki sai majalisa ta amince. Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana a kai tun shari'ar Faroe Atlantic a 2005, ta sake yi a ta Balkan Energy a 2012: in ba a je majalisa ba, yarjejeniyar ba ta da ƙafar tsayawa. Martin Amidu, shi kaɗai a matsayinsa na ɗan ƙasa, ya bi ta sashe na 2 na tsarin mulki ya kai maganar Waterville da Isofoton, ya kuma samo hukuncin 2014 da ya umarci Alfred Woyome ya dawo da sidi miliyan 51.2. Ƙungiyar OccupyGhana ta sa Kotun Ƙoli a 2017 ta tilasta wa Babban Mai Binciken Kuɗi ya riƙa amfani da ikonsa na cewa wanda ya kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ya biya daga aljihunsa. Ashe ɗan ƙasa na iya tsayawa gaban kotu ya yi nasara. Sai dai duk waɗannan bin sawun kuɗin da ya riga ya fita ne, kuma wanda ya bi labarin karɓo kuɗin Woyome ya san shekarun da aka kwashe ana fama.

Ingila, wadda muka gaji tsarin shari'arta, ta shiga irin wannan ruɗani a lokacin korona, kuma abin da ya faru can ya dace mu duba, ba don sun fi mu tsarki ba. Gwamnatinsu ta buɗe wata hanya ta musamman ga kamfanonin da ministoci da 'yan majalisa da manyan jami'ai suka turo, don sayen takunkumi da rigunan kariya na ma'aikatan asibiti. Ofishin binciken kuɗinsu ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na masu bin wannan hanya sun samu kwangila, su kuwa masu bin layin kowa da kowa ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta, Good Law Project, wadda jama'a ke tara wa kuɗi ta intanet, ta kai ƙara. A watan Fabrairun 2021 Mai shari'a Chamberlain ya yanke cewa ministan lafiya Matt Hancock ya saɓa doka saboda bai wallafa bayanan kwangilolin cikin kwana 30 da aka ƙayyade ba. A watan Janairun 2022 Mai shari'a O'Farrell, a ƙarar da ƙungiyar ta shigar tare da ta likitoci EveryDoctor kan kwangilolin kamfanonin PestFix da Ayanda, ta ce wannan hanya ta 'yan gata ta saɓa wa ƙa'idar ba kowa dama daidai.

Masu sukar irin wannan ƙara za su yi saurin tuna mini cewa alƙaliyar ba ta soke kwangilolin ba, ta ma ce da wuya a ce kamfanonin ba za su samu aikin ba ko da sun bi layin kowa. Gaskiya ne. Kuma kuɗin ya riga ya fita. Miliyoyin takunkuman da Ayanda ta kawo ba a yi amfani da su a asibitocinsu ba saboda igiyarsu ta kunne ce, ba ta zagaye kai ba. Su ma ihu bayan hari suka yi. Amma abu biyu suka samu waɗanda mu ba mu samu ba a Sputnik. Na farko, ƙarar ta tilasta wa gwamnati ta fito da takardu da saƙonni, jama'a suka ga yadda aka yi. Na biyu, yanzu akwai hukuncin kotu a rubuce cewa annoba ba ta ɗauke wa hukuma wajibcin adalci tsakanin masu nema, ba ta kuma ɗauke mata wajibcin faɗa wa mutane wa ta ba, nawa ta ba shi. Jami'in da zai buɗe irin wannan hanya gobe ya san akwai abin da ke jiransa. Mu kuwa rahoton kwamitin majalisa muka samu, aka yi ta cacar baki tsakanin jam'iyyu biyu, minista ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba na raina ta. Za a ce: Malam, kai da ka san kotunanmu, kana so a ɗora sayen injin numfashi a kan teburin da ƙarar fili ke shekara goma? Duk ɗan kwangilar da ya faɗi zai ruga ya samo umarnin dakatarwa, lauyoyi su yi ta neman ɗage zama, asibiti na jira, mutane na mutuwa. Sannan alƙali ba injiniyan kayan asibiti ba ne, ina ya san wace na'ura ta fi wata? Wannan tsoro na gaske ne. Kwangilar da aka ba da a karkace aƙalla wani lokaci tana kawo kaya. Ƙarar da ba ta ƙarewa ba ta kawo komai.

Amsar kashi na biyu mai sauƙi ce: ba a ce alƙali ya zaɓi na'ura ba. In likitoci da injiniyoyi sun zauna sun ce wannan ta fi dacewa da Asibitin Komfo Anokye, suka rubuta dalilinsu, suka auna kowa da ma'auni ɗaya, to kotu ba ta da hurumin cewa ita waccan ta fi so. Abin da za ta tambaya shi ne ina dalilin. Jami'in da ya yi aikinsa da gaskiya minti biyar ya ishe shi ya nuna. Wanda ke gumi in an ce ya kawo dalili, to da ma da walakin.

Amsar kashi na farko kuma tana wurin Kenya. Dokarsu ta 2015 ta ɗaure kowa da agogo. Mai ƙorafi yana da kwana 14 ya kai kuka gaban hukumar bitar kwangiloli, ita kuma dole ta yanke cikin kwana 21. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 14 ya je Babbar Kotu, kotun kuma an ba ta kwana 45, in aka ɗaukaka ƙara nan ma kwana 45. Duk rigimar, daga farko har ƙarshe, watanni kaɗan ne. Kenya ba aljanna ba ce. Hukumarsu ta sayen magunguna, KEMSA, ta yi nata abin kunyar a 2020 kan kayan korona. Amma sun nuna cewa jinkirin kotu ba ƙaddara ba ce, abu ne da majalisa ke iya yi wa iyaka da alƙalami. Mu ma mun san haka, tunda ƙarar zaɓen shugaban ƙasa ta 2013 ta ci watanni takwas, aka gyara ƙa'ida, ta 2021 aka gama ta cikin 'yan makonni. In za a iya yi wa kujerar mulki agogo, ban ga dalilin da zai hana a yi wa injin wankin ƙoda ba.

Akwai kuma wata dabara da Turai ke amfani da ita, Bankin Duniya ma ya sa ta cikin ƙa'idojin ayyukan da yake ba da kuɗinsu: bayan an sanar da wanda ake niyyar ba wa kwangila, sai a dakata kamar kwana goma kafin a sa hannu, a kuma faɗa wa waɗanda suka faɗi dalilin faɗuwarsu. Wannan 'yar tazara ita ce komai. Kafin sa hannu, in an gano kuskure, takarda kawai za a yaga. Bayan sa hannu kuwa, in ka soke, kamfani zai kai ka gaban masu sasanci a Landan ko wani wuri, ka biya diyyar kayan da ba ka karɓa ba. Mu a ƙasar nan kalmar "bashin hukunci" ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Abin da nake ganin ya kamata a yi bai da yawa. Duk kwangilar kayan asibiti da ta kai wani adadi, a wallafa takardar bayanin kayan da rahoton kwamitin tantancewa da sunayen ainihin masu kamfanin, kafin sa hannu, a inda kowa zai gani. Muna da dandalin GHANEPS tun 2019, ba sabon gini ake buƙata ba. Wadda aka bayar kai-tsaye da sunan gaggawa, ita ce ma ta fi buƙatar haka: in babu lokacin jira, a saya, amma a fito da dalilin da farashin cikin 'yan kwanaki, kuma kotu ta iya duba ko gaggawar ta Allah ce ko ta sakacin ofis. A ware alƙalai a Babbar Kotu da za su riƙa jin waɗannan ƙararraki cikin wa'adi, kamar yadda aka ware sashen kasuwanci. Sannan, wanda na fi ba muhimmanci, a faɗa a fili cikin doka cewa ba ɗan kwangila kaɗai ke da bakin magana ba. Ƙungiyar likitoci, ƙungiyar ma'aikatan jinya, ƙungiyar masu ciwon ƙoda, su ne za su yi aiki da na'urar ko a jona su a jikinta, kuma ba su da wata kwangilar gobe da za su ji tsoron rasawa. In ana tsoron 'yan neman fitina, a ba alƙali ikon korar ƙarar banza tun a zaman farko, ya kuma ci mai ita tara.

Maganar ba ta tarihi ba ce. Asibitocin Agenda 111 da aka ƙaddamar a 2021, duk wanda aka kammala gininsa sai an cika shi da gadaje da injuna da kayan ɗakin tiyata, kuma sabon asusun MahamaCares na masu cututtuka irin su ƙoda da kansa shi ma sai ya taɓa sayen kaya. Manyan kwangiloli na nan tafe. Ministan lafiya na yanzu, Kwabena Mintah Akandoh, yana cikin 'yan adawar da suka fi matsa wa Agyeman-Manu lamba a kan Sputnik, don haka babu wanda zai koya masa illar sa hannu kafin izini. Ina so in ji daga bakinsa, ko daga bakin 'yan majalisar da zangunanmu suka tura daga Ayawaso da Asawase, ranar da za a kawo wannan gyara gaban majalisa. Kafin nan, dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 tana aiki: ƙungiyar matasan unguwa ko kwamitin masallaci na iya rubuta wa asibitin gundumarsu su nemi a nuna musu wa ya kawo injin hoton da ya tsaya, nawa aka biya, kuma wa aka ce zai riƙa gyara shi.